Ciwon sanyi yana ƙara saurin yaɗa HIV ne?

Ɗalibar Jinya: Assalamu alaikum. An ce mana a aji mai HIV idan ya kamu da ciwon sanyi ya fi saurin yaɗa cutar. Abin da ya ɗaure min kai, ai a jini ake auna yawan ƙwayar, to me ya haɗa jini da ciwon da ke gaba? Kuma wanda yake shan magani har ƙwayar ta daina fitowa a gwaji, ciwon sanyi zai dawo masa da haɗarin?

Malamin Ɗakin Gwaji: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, gwajin jini ba ya faɗin duk abin da ke cikin maniyyi ko ruwan farji. Idan gonoriya ta kama hanyar fitsari, jiki yakan turo fararen ƙwayoyin jini wurin su yi yaƙi, mugunyar da ake gani tana ɗiga ma galibinta su ne. Tare da su ƙwayoyin CD4, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, ke zuwa, kuma a cikinsu HIV take hayayyafa. Kumburin kansa yana zuga ƙwayar ta ƙara ninkuwa a daidai wurin.

An auna wannan a Lilongwe ta Malawi, aka wallafa a 1997. Maza masu HIV da ke fama da kumburin hanyar fitsari, ƙwayar da ke cikin maniyyinsu ta ninka ta marasa ciwon har sau takwas. Da aka ba su maganin ciwon, cikin mako biyu ta ragu sosai, amma ta jini ba ta motsa ba.

Wanda ba shi da HIV ma ciwon yana buɗe masa ƙofa. Gyambon tunjere ko ƙurajen hapis, wata cutar al'aura mai fitar da ƙuraje masu ruwa, suna tsaga fatar da ke kare shi, ga kuma CD4 sun taru a bakin ciwon. Mai hapis haɗarinsa na kamuwa ya kai kusan ninki uku, kuma ko ƙurajen sun warke, ƙwayoyin CD4 ɗin sukan daɗe a wurin har watanni.

Likitar Mata: Malam ya yi bayani, sai dai kada a ɗauka maganin ciwon sanyi shi kaɗai riga-kafi ne. A Mwanza ta Tanzaniya, inganta maganin cututtukan al'aura a asibitocin karkara ya rage sabon kamuwa da HIV da kusan kashi 40 cikin ɗari, a sakamakon 1995. Aka je Rakai ta Uganda aka raba wa al'umma magani gaba ɗaya, ba a ga raguwa ba. Haka a 2010, binciken ma'aurata kusan 3,400 a Afirka ya nuna maganin hapis, asaikulobiya, miligram 400 sau biyu a rana ya rage gyambon hapis ƙwarai, amma bai rage yaɗuwar HIV ba.

Tambayarki ta biyu ita ce mai muhimmanci. A binciken PARTNER na Turai, wanda ya bi abokan zaman da ɗayansu ke da HIV yana shan magani, ba a sami ko mutum ɗaya da ya sa wa abokin zamansa cutar ba muddin ƙwayar tana ƙasa da 200 a kowane mililita na jini, alhali da yawansu sun yi ciwon sanyi a lokacin. Haɗarin yana kan wanda bai san yana da cutar ba, da wanda bai fara magani ba, da mai sha yau ya bari gobe. Wanda ya fara magani kwanan nan ma bai fita ba, domin yakan ɗauki har wata shida kafin ƙwayar ta kwanta.

A ɓangaren mata, ki lura da farin ruwa mai ƙarni na rikicewar ƙwayoyin farji. Ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi, amma an alaƙanta shi da ƙarin haɗari ga macen da ma mijinta. Wankin ciki da sabulu da cushe-cushen matsi suna jawo shi. A yankunan madatsun ruwa kuma a tuna da tsargiya, tana yi wa bakin mahaifa rauni, a yi ta ba mace maganin sanyi a banza. Maganinta farazikwantel ne, miligram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki.

Mai Haɗa Magani: Inda abin ke lalacewa shi ne sayen kafso huɗu a kemis. Ɗigar ta tsaya, ƙwayar ciwon sanyin tana nan, ta kuma koyi jure magani. Gonoriya allurar seftiriyakson ake mata sau ɗaya, a haɗa da doksisaikilin miligram 100 safe da yamma kwana 7 saboda kilamidiya, wata ƙwayar ciwon sanyi da ke yawan rakiyarta. Mai ciki ba ta shan doksisaikilin, azitiromaisin ake ba ta. Sabon tunjere allurar benzatin fenisilin ce, yunit miliyan 2.4. A dakatar da saduwa kwana 7, kuma a yi wa abokin zama magani lokaci guda ko ba ya jin komai. Gidan da ke da mata biyu ko uku, dukansu za a duba, in ba haka ba ciwon zagaye zai yi ta yi. Duk wanda ya zo da ɗiga ko gyambo, a yi masa gwajin HIV a ranar, in bai nuna ba a maimaita bayan wata uku.