Neman kalma: "mod" da "stats" na kayan adon ɗaki a The Sims 4

Malama Ta-Zango: Salamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar ina da darasi da ƴan mata a ɗakin kwamfuta na unguwarmu nan Zinder, kuma da Hausa zalla nake so in yi shi, don da yawansu Faransancinsu bai yi ƙwari ba. Tun da aka mayar da The Sims 4, wasan kwamfuta na gina gida da tafiyar da rayuwar mutanen cikinsa, kyauta a Oktoban 2022 suka kamu da shi, shi ya sa na ga da shi zan koya musu sarrafa fayil. Ga aikin: mu ɗauki tulun fure, mu buɗe shi a Sims 4 Studio, manhajar gyaran kayan wasan, mu ƙara lambar da ke gurbin PositiveEnvironmentScore, mu ajiye fayil ɗin .package cikin jakar Mods. Tulun yana nan yadda yake, amma mutumin cikin wasan in ya shiga ɗakin ransa ya fi yin daɗi. Kalma uku nake nema: ta kayan adon, ta lambar ("stats"), da ta shi "mod" ɗin, wato canjin da mai wasa ke yi wa wasan da kansa.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam Malama. Ta farko ai tana ɗakin kowace amarya: kayan jere. Kwanonin nan masu fure da ake jerawa cikin kabad, manya a ƙasa ƙanana a sama, ba a zuba musu tuwo ko miya, ana goge su ne don baƙuwa ta shigo ta ji daɗin ɗakin. Aikin tulunki ke nan a wasan.

Hajiya Uwar Ɗaki: Na yarda da jere, ɗana. Sai dai hoton bango da darduma ba jere ba ne. A ce kayan ƙawa ga dukansu, jere ga na kan tebur da kanta.

Mushen Lissafi: Lambar kuwa, maki. Kada a ce ƙididdiga, wannan na ƙirgen jama'a ne da kasafin kuɗi. Makin ƙawa. A The Sims na farko na shekarar 2000 abin yana cikin bukatun mutum, kamar yunwa da barci, da sunan Room, a na biyu aka ce Environment. Tun a na uku aka cire shi daga bukatu, a na huɗu da ya fito 2014 kuwa makin kayan ɗaki ke haɗuwa su ƙara wa mutum farin ciki. Mod kuma, kwaskwarima.

Baba Mai Ajami: Kwaskwarima? Daga rediyon Kano kuka ɗauko. Muna da kalmarmu: maho. Riga ta samu ƙarin ƙyalle daga hannun wanda ba shi ya ɗinka ta ba, wannan shi ne maho. Kamfani ya ɗinka, yaro ya ɗora nasa. A ce mahon wasa, a huta.

Ɗan Birni: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ana maho ne inda ya yage. Wasan nan bai yage ba. Kuma akwai gyaran da kamfanin EA mai wasan da kansa ke turowa, wanda ake kira faci. Duk lokacin da ya zo, wasan kan kashe mod har sai ka koma cikin saiti ka kunna. In mod ya zama maho, yaya Malama za ta faɗa wa yara faci ya kashe maho?

Baba Mai Ajami: Ta faɗa haka ɗin, ai ya fito sarai. Faci na kamfani, maho na gida. Kai ne ma ka ƙara mini hujja.

Mushen Lissafi: Baba, kwaskwarima ba ta Kano kaɗai ba ce, a Kasuwar Dole ma za ka ji ana cewa an yi wa babur kwaskwarima.

Baba Mai Ajami: Ji a bakin ƴan kasuwa daban, asali daban. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926. Sarki Tanimun da ya ja ganuwa bai nemi izinin kowa ba kafin ya sa wa abu suna. A 2025 an rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa, amma har yau in za mu buɗe baki sai mun leƙa kudu mu ga abin da suka ce. Abin yana mini ciwo ƙwarai.

Bakanon Sabon Gari: Baba, mu ma ba mu hana kowa ba. Amma in yarinya ta nemi bayani a intanet, Hausar da za ta tarar yawanci ta can ce. Kuma gidan sarautar Damagaram ɗin ma daga Barno tushensa yake, aron kalma ba yau aka fara shi a nan ba.

Hajiya Uwar Ɗaki: Kai, bar zancen tushen sarauta, ba shi aka tambaya ba. Ni abin da ke damuna, jikokina "not" suke cewa maimakon maki, Faransancin lekol. A nan ya kamata a tsaya, ba a kan Kano ba.

Malama Ta-Zango: Iyayena da yayyena, don Allah mu dawo, lokaci ya matse ni. Na zauna da kwaskwarima na ga inda ba ta kai ba. Kwaskwarima ido ke ganinta. In yarinya ta canza launin tulun, ko ta sa wa bango zanen dagi irin na gidajen Birni, wannan kwaskwarima ce, kuma masu wasan ma sun ware shi da suna daban, CC. Wanda za mu yi ranar Asabar ba a ganinsa ko kaɗan. Lamba ce a ciki, sai a fuskar mai shiga ɗakin za a gane ta yi aiki. Wannan bambancin nake so su kama kafin komai, don shi zai nuna musu cewa ƙarƙashin hoto akwai lissafi, kuma hannunsu na iya kaiwa gare shi. In na kira duka biyun da suna ɗaya, darasin ya ɓaci.

Mushen Lissafi: Haka ne Malama. To kwaskwarima ta tsaya ga kama. Na ciki a ce gyaran maki.

Ɗan Birni: Gyaran maki ya yi wa darasin Asabar, amma bai rufe mod duka ba. Akwai masu canza halin mutanen wasan, akwai na ƙara sana'a, su ba ruwansu da maki.

Baba Mai Ajami: Maho ya rufe su duka.

Malama Ta-Zango: Ga abin da zan rubuta a allo. Kayan ƙawa, da jere a ƙarƙashinsa. Makin ƙawa. Kwaskwarima ga canjin kama, gyaran maki ga namu. Babban sunan zan bar shi mod tukuna, tunda haka aka rubuta a jikin jakar kuma dole su gane ta a kwamfuta. Baba, zan faɗa musu maho, in ce daga wajenka ta fito, in ga ko bakinsu zai ɗauka.

Baba Mai Ajami: To ƴata, ban gamsu ba, amma ba zan hana ki aiki ba. Ki rubuta maho a allon da alli kamar sauran, kada ki faɗe shi da baki kawai.