Tashar jirgin ƙasa ta Nguru: tarihinta, kuma ko za a iya ɗauko banda ta dogo zuwa Legas?

Ɗan Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Kuɗin mota daga Yobe zuwa nan Legas ya kai inda ya kai, ga shingaye a hanya ba iyaka. Tambayata kan tashar jirgin ƙasa ta Nguru ce, wadda ke garin nan na bakin tafki. Yaushe aka yi ta, me ya sa dogo ya tsaya a can bai wuce ba? Kuma idan jirgi na aiki, mutum zai iya loda kwalayen bandar kifi a Nguru ya karɓe su a Legas? Wani ya ce min sabon jirgin nan na Ibadan da shi duk layi ɗaya ne. Masu sani a taimaka.

Baban Ebute Metta:
Wa alaikumus salam. Yaro, wanda ya ce maka layi ɗaya ne bai duba ƙasa ba. Dogo iri biyu ne. Tsohon layi, wanda Turawa suka shimfiɗa, faɗin tsakanin ƙarafansa milimita 1,067 ne, wato ƙafa 3 da inci 6. Sabon na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, da na Abuja zuwa Kaduna na 2016, milimita 1,435 ne. Bambancin milimita 368 kenan, kuma ƙafafun tarago a kafe suke jikin sandarsu, ba a matse su ba a buɗa su. Taragon da ya taso daga Nguru ba zai taɓa hawa sabon dogo ba. Nguru tana kan tsohon layi, wanda ƙarshensa a nan Ikko shi ne tashar Iddo.

Tarihi kuwa, dogo ya isa Kano a 1911, aka fara jigila sosai a 1912, gyaɗa ta samu hanyar zuwa teku. Da gwamnatin mulkin mallaka ta ga ribar abin sai ta miƙa rassa zuwa inda kaya suke: ɗaya daga Zariya ta Gusau zuwa Ƙauran Namoda, ɗaya daga Kano zuwa gabas. Na gabas ɗin ya bi ta Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, zuwa 1930 ya kai Nguru. Tsawonsa wajen kilomita 230.

Ba don fasinja aka yi shi ba, don kaya aka yi. Gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, shanu, busasshen nama, kifi, da kanwar ƙasar Manga da ake saukowa da ita a kan raƙuma da jakuna daga cikin Nijar. Nguru tsohon gari ne, mazaunin Galadiman Barno tun ƙarnonin baya, amma dogo ne ya mayar da ita kasuwar da kamfanonin Turawa da fatake daga kudu suka zo suka kafa rumfuna. Abin da ya sa ya tsaya nan, an riga an cimma buƙata: an kai bakin ƙasar Barno ta arewa, an tare kayan da ke gangarowa daga iyaka. Da aka tashi kai jirgi Maiduguri ba ta Nguru aka bi ba, sai aka ɗauko daga Kuru kusa da Jos, ta Bauci da Gombe, aka gama a 1964. Daga nan kayan Barno suka samu wata ƙofa, manyan motoci kuma suka zo suka kwashe sauran. Abin takaici ne, domin layin da ke ratsa ƙasar noma da kiwo irin wannan bai cancanci a bar shi ya lalace ba.

Bamange:
Baba ya gama magana kan tarihi, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan taɓo abin da ke hana jirgin Kano zuwa Nguru tafiya a kan kari, don mai kaya ya san da wa yake kokawa.

Na farko ruwa. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, fadamar Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke sauka ya canza: maimakon ya zo da damina ya janye da rani, sai ya zama yana nan kusan duk shekara. Wannan ya ba ciyawar kacala dama ta cika magudanu, ruwan ya rasa hanyarsa ta asali, ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru da gonakin kewaye. Dogo a kan tudun ƙasa da aka cika yake zaune. Idan kwalbati ta toshe, ruwa ya taru a gefe ɗaya, sai ya riƙa cin ƙasar ta ƙarƙashi. Daga sama ƙarfe lafiya lau, amma tsakuwar da ke riƙe da shi ta zurare. Kan jirgi na hawa wurin zai nutse gefe guda, tarago ya goce. Agusta da Satumba su ne watannin hatsari.

Na biyu rairayi. Da rani iska kan tara shi a kan dogo, musamman inda babu itatuwa, har ya rufe ƙarfen. Sai leburori sun bi da shebur. Na uku ɓarayin ƙarfe masu kwance kusoshi da farantan da ke haɗa dogo da dogo. Gaɓa ɗaya in ta saki, direba dole ya rage gudu kamar mai tafiya a ƙasa.

Shi ya sa jirgin wannan layi ya sha tsayawa ana gyara ana dawo da shi. Kada ka sayi kaya da zaton jirgi na nan. Sai wakilinka ya taka zuwa wurin shugaban tasha a Nguru, ya ji ranar tashi daga bakinsa, a kuma tabbatar da na Kano zuwa Legas a wannan makon.

Hajiyar Idi Araba:
Ɗan'uwa, maganar banda ita ce tawa, kuma shawarata kada ka fara gwaji da ita.

Lissafa hanyar. Nguru zuwa Kano kilomita 230, Kano zuwa Legas 1,126. Tafiya biyu ce, ba ɗaya ba. Lokacin da aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, na fasinja sau ɗaya yake tashi a mako, yana cin sama da awa 30 in komai ya tafi daidai. Na kaya ya fi haka jinkiri, saboda layi ɗaya ne tilo: jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha mai layin gefe, kuma na kaya ake ajiyewa a ba na fasinja hanya. Idan taragonka ya iso Kano bayan na kudu ya tashi, zai zauna cikin rana har sai an haɗa wani.

Rufaffen tarago na ƙarfe tanda ne da rana, da dare kuma ya yi gumi ta ciki. Da an tsallake gadar Jebba iska ta fara laima, busasshen kifi yana shan ta. Tarwaɗa mai kitse ita ke fara nunawa: ta yi laushi, ta yi hunhuna, ƙwaro ya shiga ta kai. In dole sai ka yi, a sake gasa kifin kwana ɗaya kafin lodi har ya riƙa ƙara in an ƙwanƙwasa, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe kwali, don mai ɗumi gumi yake yi. A shimfiɗa katako a ƙasan tarago, a bar tazara tsakanin kwalaye da bango, kada a jera su da tsayi har na ƙasa su murƙushe. Kuma don Allah kada a zuba fiya-fiya. Guba ce, mutane ne za su ci.

Sai yawan ɗauka da saukewa: daga kasuwa zuwa tasha, wataƙila a Kano, sannan Iddo, sannan motar da za ta kai kasuwar Mile 12. Kowane juyi kifi na karyewa, kuma kai ka san farashin gutsattsari ba ɗaya yake da na cikakke ba.

Baban Ebute Metta:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Kayan da dogo ke so su ne masu nauyi marasa gaggawa: kanwa, ƙaro, riɗi, gero, wake da aka adana da kyau. Mutum ɗaya da wuya ya cika tarago, gara 'yan ƙungiya su haɗa kai su kama guda da suna ɗaya. A auna kaya a gaban wakilinku, a rubuta adadin buhuna da lambar tarago a takardar kaya, a duba rufin ko yana yoyo kafin a loda, a kulle da kwaɗonku bayan hatimin reluwe, a ɗauki hoton duka biyun. Mai karɓa a Iddo ya zo da takardar da mota a shirye, don tarago in ya kwana ba a sauke ba akwai kuɗin jinkiri. Idan hatimi ya iso a karye, kada a taɓa buhu ko ɗaya sai ma'aikaci ya zo ya rubuta.

Ɗan Mile 12:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Malam Bamange Allah ya saka da alheri. Banda za ta ci gaba da bin mota. Zan kai maganar kanwa da riɗi gaban shugabannin layinmu na kasuwa ranar Juma'a.