Neman shawara: gwajin fiziks na WASSCE (jarrabawar gama sakandare) ya tsaya mini a rai

'Yar aji uku, Aboabo: Salamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a SHS (babbar sakandare) nan Kumasi, burina injiniyanci a jami'ar KNUST. Lissafin fiziks ina ganewa, amma ranar gwaji sai mu taru mu takwas kan kaya ɗaya, hannuna bai taɓa komai ba. Don Allah ta ina zan fara?

Malamin fiziks, Asawase: Wa alaikumus salam, 'yata. Takarda ta uku, wato ta gwaji, tambayoyi 3 ce, ki amsa 2, maki 50. Da yawan makin nan a teburin lambobi da giraf suke, kuma waɗannan a ɗakinku ma za ki iya koyonsu.

Fara da gwajin lilo. Samo zare, ƙaramin kwaɗon ƙofa, rula da agogon waya. Rataya kwaɗon da zaren a ƙusa. Ki auna tsawo daga ƙusar zuwa tsakiyar kwaɗon. Masu tsayawa a bakin zare tun daga nan suke ɓata aikinsu. Ja shi gefe kaɗan, kada ya wuce digiri 10, ki sake shi ba tare da turawa ba. Ƙirga lilo 20, zuwa da dawowa ɗaya ke nan, ki raba lokacin da 20 ki sami T, lokacin lilo ɗaya. Dalilin 20 ɗin: yatsa na makara wajen danna agogo, rabawar ce ke ƙanƙanta kuskuren. Yi haka a santimita 40, 50, 60, 70, 80, kowanne sau biyu. A 80 za ki ga kusan sakan 36. In kin ga 18, rabin lilo kike ƙirgawa.

Sai ki zana giraf, T² a tsaye, L (tsawon da kika auna) a kwance. Gangaren layin 4π²/g ne, wajen 4 in L na mita, g kuma, wato ƙarfin jan ƙasa, ya fito kusa da 9.8.

Yaya, Sabon Zongo: Ƙanwata, ƙari kan na Malam. Zanenki ya cika fiye da rabin takardar giraf. Guji ma'aunin 3 ko 7, yana rikita ɗigo. Ɗauki 2, 5 ko 10. Fensir mai tsini, alwatikar gangare babba. Lambobin layi ɗaya a tebur su yi daidai bayan ɗigo: in kin rubuta 25.40, na ƙasa ya zama 28.30, ba 28.3 ba. Kada ki manta da sakan da santimita a kan kowane layi.

'Yar aji uku: Na gode. Na lantarki fa, Malam?

Malamin fiziks: Shi kam sai da kaya, ki roƙi malaminku minti 20 bayan tashi. Kashe makunni da zarar kin karanta, don waya na zafi, juriyarta ta ƙaru, lambobi su riƙa zamewa. Amita (mai auna gudun lantarki) a jere take shiga, boltmita (mai auna ƙarfinsa) a gefen abin da ake aunawa. In allura ta koma baya, kin juya wayoyin ne, musanya su.