Don Allah masu Power BI ku leƙo, jimillar teburina ta ƙi daidaita kuma watanni sun hargitse

Auta_Singa:

Slm 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Ni ne ke riƙe lissafi a wajen wani dila mai sayar da kayan masarufi a nan Kano, shaguna huɗu gare shi, kuma duk cinikin a Excel muke shigarwa tun 2023. To kwanan nan oga ya ga wani abokinsa yana duba lissafin kasuwancinsa a waya da launuka ja da kore, shi kenan ya dawo ya ce nima sai na haɗa masa irinsa, na sauke Power BI, manhajar Microsoft ta haɗa rahoto daga bayanai, na fara koya da kaina da daddare in an kawo wuta.

Abin da yake so ba wani zane ba ne, tebur ne kawai, shaguna a gefen hagu kayan kowane shago a ƙarƙashinsa, watanni a sama, kuɗi a tsakiya. Amma wlh abu uku sun hana ni barci. Na farko watannin da Hausa muka rubuta su, sai ya jera min Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, Janairu har zuwa Yuni a ƙarshe, na ja na ja sun ƙi komawa. Na biyu kuma shi ne babba, jimillar da ke ƙasa ba ta yi daidai da ta Excel ba, ta ninka har ta wuce hankali, na rubuta Kudi = SUM(Ciniki[Buhu]) * SUM(Ciniki[Farashi]) kuma ni ban ga laifinsa ba ai buhu sau farashi shi ne kuɗi. Na uku ina son duk inda ciniki ya gaza abin da aka sa wa shago ya zama ja. Sannan takardar 2023 watanninta a kwance suke kowane wata da layinsa na tsaye, ta 2024 kuma a tsaye, ban san yadda zan haɗe su ba. Ranar Asabar oga yake so ya gani, a taimaka.

Injiniya_Zazzau:

Wslm Auta. Bari in fara da jimillar don ita ce za ta iya jawo maka magana, in oga ya ga kuɗin da babu shi a aljihu kai za a tambaya.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne layin jimilla a Power BI ba ya tara lambobin da kake gani a samansa kamar yadda Excel ke yi, sake yin lissafin yake daga farko amma a kan dukkan bayanan gaba ɗaya. Ɗauki misali, ka sayar da shinkafa buhu 10 a kan 60,000 kuɗi 600,000 kenan, suga buhu 5 a kan 80,000 kuɗi 400,000, gaskiyar jimilla miliyan 1. Shi kuma abin da ka rubuta cewa ka yi ya tara buhu duka, 15, ya tara farashi duka, 140,000, sannan ya ninka, sai ya ba ka 2,100,000. Ka ga bai yi ƙarya ba abin da ka aike shi ya kawo. Ka canja zuwa Kudi = SUMX(Ciniki, Ciniki[Buhu] * Ciniki[Farashi]), shi SUMX bin layi yake ɗaya bayan ɗaya yana ninkawa sai a ƙarshe ya tara. Kuma kar ka ɗauka jimillar ce kaɗai ta lalace fa, duk kayan da aka sayar sau biyu ko fiye a wata ɗaya shi ma lambarsa ba daidai take ba, kawai dai ba ta yi girman da za ka lura ba ne. Je ka gwada da shago ɗaya da kalkuleta za ka gani.

Maganar watanni kuwa mai sauƙi ce, shi a wajensa Janairu rubutu ne kawai bai san wata ba ne, don haka da harafin farko yake jerawa. Ka yi ɗan ƙaramin tebur mai layi 12, sunan wata da lambarsa, Janairu 1 har Disamba 12, ka haɗa shi da teburin ciniki, sai ka danna sunan watan ka je wajen da aka rubuta Sort by column ka zaɓi lambar. Daga wannan ƙaramin teburin za ka riƙa jawo watan ba daga na ciniki ba. Sharaɗin kawai kowane wata ya zama lamba ɗaya gare shi in ba haka ba zai ƙi.

Sannan ka tabbata matiris ka ɗauka ba tebur zalla ba, su biyu ne kusa da juna a jerin hotunan nan na dama. Tebur zalla jerin layuka ne kawai, matiris shi ne mai wajen layi da wajen sama da wajen lambobi, kamar dai fibot na Excel, wato PivotTable mai taƙaita lissafi, shi zai ba ka alamar + da oga zai danna shago ya buɗe ya ga kayan ciki.

Auta_Singa:

Kai Injiniya Allah ya saka da alheri, SUMX ɗin ya yi, yanzu saura kaɗan ta yi daidai da Excel amma har yanzu akwai bambanci a wasu watanni, Maris ya yi yawa Afrilu ya yi kaɗan. Kuma shagon Ƙofar Ruwa sau biyu yake fitowa ban san dalili ba.

Maman_Ikram:

Auta ƙanena, ni abin da zan ce maka duk wahalar nan ba a teburin take ba, a bayanan da ka zuba masa take, kuma na faɗi haka ne don na sha irinta a wajen aikina da rajistar ɗalibai, sati biyu ina gyaran launi da faɗin layi ashe ɓarnar tana can baya. Ka bar kwalliya tukuna ka shiga Power Query, wajen gyaran bayanai da ke cikin Power BI, nan ne ake wanki.

Shagon da ke fitowa sau biyu na rantse wani ya rubuta Kofar Ruwa wani ya rubuta Ƙofar Ruwa da ƙ mai lanƙwasa, mu a idonmu abu ɗaya ne shi a wajensa haruffa biyu ne daban, ko kuma an bar fili a farkon sunan wanda ido ba ya gani. Ka yi Trim ya share filin, sannan ka musanya ɗaya rubutun da ɗayan su zama iri ɗaya. Ka duba watannin ma, wani zai rubuta Afrilu wani Afirilu, wanda bai dace da ƙaramin teburin da Injiniya ya ce ka yi ba zai faɗa wani layi marar suna. Kuma ka sani a cikin Power Query babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne, suga da Suga daban yake ganinsu in kana tacewa.

Maris da Afrilu kuma inaga kwanan wata ne. Mu muna rubuta rana sannan wata, 03/04/2024 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, in kwamfutarka a tsarin Amurka take sai ta karanta shi 4 ga Maris, kaga kuɗin Afrilu sun koma Maris kenan ba tare da ko gargaɗi ba. Waɗanda ranarsu ta wuce 12 su ne za su nuna kuskure don babu wata na 13, su ma in ba ka lura ba sai su zube. Idan kwanan watan a matsayin rubutu ya shigo, ka danna dama a kan layinsa na tsaye ka zaɓi canja nau'i ta Using Locale, ka sa kwanan wata na Ingilishin Ingila ko na Najeriya, amma ka fara goge matakin canja nau'in da ya yi da kansa tun farko, in ba haka ba a kan ɓarna za ka gina. In kuma tun a Excel ɗin aka juya su lokacin shigarwa to sai dai ka koma da rasit ka gyara da hannu, wannan babu wata dabara.

Takardar 2023 kuwa ka zaɓi shago da kaya da farashi, ka danna Unpivot Other Columns, duk watanni 12 ɗin nan za su miƙe su koma layin tsaye biyu, ɗaya sunan wata ɗaya adadin buhu. Ka sa musu suna daidai da na 2024 harafi da harafi sannan ka yi Append, wato ka ɗora ɗaya takardar a ƙarƙashin ɗayar. Kar ka manta ka ƙara layin shekara kafin ka haɗe, in ba haka ba Janairun 2023 da na 2024 za su cakuɗe a tukunya ɗaya.

Ja da kore ɗin minti biyar ne. A wajen lambobi ka danna 'yar kibiyar da ke jikin Kudi za ka ga tsara launi bisa sharaɗi, akwai launin bango, launin rubutu, sanduna da kuma alamomi. Tunda kowane shago da nasa ma'aunin, kar ka rubuta lamba da hannu, ka yi wani lissafin na ciniki a cire abin da aka sa wa shagon, sai ka ce in ya yi ƙasa da sifili ya zama ja. Amma shawara, ka tambaya ko oga zai buga a takarda, ni na taɓa cika tebur da launi aka buga da baƙi da fari komai ya koma toka-toka ba a gane ja balle kore, tun daga ranar nake haɗawa da alamar kibiya sama ko ƙasa. Kuma ja kaɗai ya isa, in ka sa kore a duk sauran idon mutum ba zai san inda zai tsaya ba.

DanBaiwa_Maradi:

Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Shago huɗu ne fa, fibot na Excel zai yi duk wannan har da launin, Excel na ɗaukar layi sama da miliyan 1 a takarda ɗaya yaushe za ku cika shi. Kuma Auta ba ka yi tunanin yadda oga zai gani a waya ba, Power BI Desktop kyauta ne amma a Windows kawai yake aiki, ranar da za ka tura wa wani ya buɗe a nasa asusun sai da lasisin Pro kai da shi, dala 14 ne a wata kowane mutum tun Afrilun 2025, da can 10 ne, ka lissafa da canjin yau. Ko buɗe asusun ma ba sa karɓar Gmail sai imel na aiki ko makaranta. Ni Looker Studio nake amfani da shi, na Google, wanda aka canja wa suna daga Data Studio a 2022, a burauza yake, ka zuba bayanan a Google Sheets ka tura mahaɗi shi kenan. Shi ma yana da nauyinsa in intanet ba ƙarfi.

Abu ɗaya dai don girman Allah kar wani ya ce maka ka bi ta Publish to web don gudun biyan kuɗi, wannan a fili yake duk mai mahaɗin zai ga cinikin ogan ka ba kalmar sirri.

Injiniya_Zazzau:

Maganar lasisin gaskiya ce DanBaiwa, amma wankin da Hajiya Maman_Ikram ta lissafa ko ina ya koma sai ya yi shi, Looker ma ba zai haɗe masa Kofar da Ƙofar ba. Na Asabar dai ya fitar da PDF daga Desktop ɗin ya tura ta WhatsApp. Auta kafin ka fitar ka kashe daidaita faɗin layi na atomatik, in ba haka ba duk sanda ka sabunta sai faɗin da ka ja da hannu ya koma yadda yake so.

Auta_Singa:

Alhamdulillah jama'a ya daidaita har kobo. Anti kin canka, Ƙofar Ruwa ne aka rubuta iri biyu, da k da ƙ, kuma kwanan watan ne ya kwashe kuɗin Afrilu, na goge matakin farko na sake sai komai ya koma gidansa. Na cire koren na bar ja da kibiya. PDF zan kai masa ranar Asabar in ya ce lallai sai a waya sai in faɗa masa kuɗin lasisin ya zaɓa da kansa. Saura abu ɗaya, shagon da bai sayar da suga ba a Yuli wajen fari fat yake fitowa ba sifili ba kuma jan bai kama shi ba, in sa +0 a ƙarshen SUMX ɗin ne ko akwai wata hanya?