Labarin Bakin Tsofaffi: Tarihi Ne Ko Hira?

Ɗalibin Tarihi: Jama'a, zan faɗi wata magana ko da za ta yi ɗaci. Abin da ba a rubuta shi lokacin da ya faru ba, hira ce, ba tarihi ba. Ku duba yaƙin Burmi. Mun san ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wata huɗu bayan Turawa sun ci Sakkwato. Wane tsoho ne ya riƙe mana wannan rana? Takarda ce ta riƙe.

Ɗan Bajoga: Rana kam takarda ta riƙe, ban musa ba. To sunan wa ta riƙe? Na Manjo Marsh, hafsan Turawa da ya mutu a yaƙin. Ɗaruruwan da suka kwanta dama tare da Sarkin Musulmi kuwa, ƙidaya kawai aka yi da su. Burmi nan kusa da mu take. In kana neman sunayensu, sai ka shiga zaurukan jikokinsu.

'Yar Maraɗi: Kuma Yaya, ita takardar daga ina ta fito? Da yawa cikin rahotannin nan tafinta ne ya faɗa, Bature ya rubuta. Zancen baki ne shi ma, tawada kawai ya samu.

Ɗalibin Tarihi: Na ji, ƙanwata. Amma baki yana ƙari. Kowane gida ka je sai a ce kakansu ne ya riƙe tuta. Tuta nawa aka fita da ita?

Malam Na Zaure: Ɗana, damuwarka gaskiya ce, amma malamanmu sun daɗe da samo maganinta. Ba ina daidaita hadisi da labarin yaƙi ba ne, hanyar tantancewa nake nufi. Imamu Buhari ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, kuma bai yi watsi da ruwaya don ta biyo ta baki ba. Tambaya ake yi: wa ya faɗa maka? Shi a wurin wa ya ji? Sun yi zamani ɗaya? An san shi da ƙarya ko mantuwa? Wanda ya ce "na gani" daban, wanda ya ce "an ce" daban. Mu ne muka yi sakaci, muke karɓar "an ce" ba bincike.

Baƙo Daga Sinnar: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Mu nan Sudan, garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu sunan ɗan Attahiru ya ci, Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda ya wuce gabas da sauran jama'a bayan Burmi. Yadda aka yi tafiyar, inda aka yada zango aka yi noma kafin a ci gaba, duk a bakin iyaye muka ji.

'Yar Maraɗi: Ni abin da ke ci mini rai, muna ta gardama kan 1903, alhali masu "na gani" suna ƙarewa a gabanmu. Yunwar 1973 zuwa 1974 fa? Na kunna waya gaban gwaggona, ta ba ni labarin yadda suke jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki, ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, da yadda mata ke tona gidan tururuwa don tsintar hatsi. Tana faɗa tana nuna mini da hannu zurfin ramin. Wane rahoto ne zai ba ka wannan? A Yamai tun 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka, amma cibiya ɗaya ba za ta shiga kowane ɗaki ba.

Ɗan Bajoga: Haka tsofaffin sojojin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ƙaraminsu ya haura saba'in.

Ɗalibin Tarihi: Ina nan kan bakata game da kwanan wata da adadi, nan takarda ce gaba. Amma in za a ɗauki muryoyin, a fara da sunan mai magana, garinsu, shekarunsa lokacin da abin ya faru, sannan a tambaye shi ƙarara: ka gani ne ko ka ji? Ƙanwata, turo mini na gwaggo in saurara.

'Yar Maraɗi: Sai na nemi izininta tukuna. Akwai inda ta ambaci 'ya'yanta da suka rasu.