Neman shawara: 'yan ajina sun koma tambayar AI, ni kuma ban san kansa ba

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Zariya. Makon jiya na ba 'yan ajina aikin gida kan Daular Usmaniyya, sai yara bakwai suka rubuto min cewa Shehu Usman ɗan Fodiyo ya rasu a 1837. Na ce su kawo min littafin da suka gani, sai ɗaya ta sunkuyar da kai ta ce AI ɗin wayar yayanta ne ya faɗa, wato manhajar nan da ake yi wa tambaya ta ba da amsa a rubuce. To Shehu dai a 1817 ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello ne ya rasu a 1837. Abin da ya ɗaure min kai, sauran bayanin ya zo daidai, da tsari mai kyau har da sakin layi. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni, wannan abu sani yake yi ko ƙarya yake shirgawa? In hana su ne ko yaya?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Malama. Ki hana kawai. Mu da muka yi karatu da fitilar ƙwai ba mu mutu ba.

Injiniya: Baban Sadiq, hani ba zai yi ba, abin yana aljihun kowa. Malama, bari in gwada miki. In na ce "komai nisan jifa", me za ki ce? "Ƙasa zai faɗo." Ba sai kin yi tunani ba, kunnenki ya saba. To aikin na'urar ke nan, sai dai nata sabon ya fi na kowa yawa. An ɗura mata rubutu mai ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, ana ɓoye kalmar gaba ana cewa ta canka. In ta kuskure sai a ɗan gyara lambobin da ke cikinta, kamar mai murɗa rediyo yana neman tasha, a sake gwadawa, sau ba adadi. GPT-3, ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da kamfanin OpenAI ya fitar a 2020, irin waɗannan lambobi biliyan 175 gare shi. Shi ya sa masana ke kiran irinsu LLM, ma'ana babbar na'urar harshe. Tsarin da ake gina su a kai masu bincike na Google ne suka fito da shi a 2017, amma sai da ChatGPT, wanda kowa ke iya hira da shi, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 duniya ta farga.

Daga baya sai a sa mutane su riƙa duba amsoshinta suna zaɓar masu kyau, nan take koyon ladabi da tsara magana. Amma tushen bai canza ba: ki yi tambaya, ta jero amsa gutsure-gutsure, kowane gutsure shi ne wanda ya fi dacewa da abin da ya gabace shi. Babu wani kundi a cikinta da take buɗewa ta duba ranar rasuwar Shehu. Sunan Shehu da na Bello da 1817 da 1837 kullum tare suke zuwa a rubuce-rubuce, sai hannunta ya faɗa kan na maƙwabci. Kuma da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure, nan ne haɗarin.

Malamar Tarihi: Allah ya ƙara ilimi Injiniya. Amma ni da na tambaye ta da kaina jiya 1817 ta ba ni. Ta gane ni malama ce ko me?

Injiniya: Haba dai! Da gangan aka sa mata ɗan kaɗa ƙuri'a wajen zaɓen kalma, don kada maganarta ta bushe. Yanayin tambayar ma na juya amsa. Sannan wasunsu yanzu suna leƙa intanet kafin su amsa, waɗannan kuskurensu ya fi sauƙi, ko da yake su ma sai an bi sawu.

Barista: Ba yara kaɗai ba ne fa. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000, saboda sun shigar da takarda ɗauke da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, na'ura ce ta ƙago musu har da sunaye. Ni ina amfani da ita wajen gyaran wasiƙa, amma duk abin da yake suna ne, ko shekara, ko sashen doka, sai na gani a littafi da idona.

Ɗalibar Jami'a: Anti, ki ƙara da wannan: da Hausa ta fi yin tuntuɓe. Rubutun Turanci ya cika intanet, namu kaɗan ne, shi ma rabi ba a sa masa ƙugiya, "kasa" da "ƙasa" duk ɗaya. Na taɓa neman karin magana goma kan haƙuri, huɗu daga ciki kakata ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa jinsu ba. Inda take min amfani shi ne in liƙa mata shafin da ban gane ba in ce ta sauƙaƙa min, tunda rubutun yana gabanta ba ta cika kauce hanya ba.

Baban Sadiq: To ai ga shi kun dawo maganata. Aku ce kawai.

Injiniya: Aku ba ta taƙaita maka shafi ashirin, Baba.

Malamar Tarihi: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ranar Litinin zan shiga aji da amsar da ta ba su a buga a takarda, in raba musu tare da littafin tarihi, duk wadda ta fara kamo kuskure tana da maki biyar. Injiniya, in shugabar makaranta ta yarda, za ka iya zuwa ka yi musu wannan misalin na jifa?

Injiniya: In sha Allahu. Ki dai tanadar min allo da alli.