Wuyana a sage yake kullum, ta yaya zan gane yadda nake riƙe kaina?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Aikina shigar da bayanai ne a laftof, daga safe har yamma. Watanni ke nan, da yamma ta yi sai in ji ƙeyata ta yi nauyi, wuyana ya sage, kafaɗuna sun riƙe, wani lokaci ciwon ya hau kai ya zagayo goshi. Na je asibiti an duba ni, aka ce ƙashi lafiya lau, tsoka ce ta ɗaure, in gyara zama. To nan gizo ke saƙar. Idan na tuna sai in miƙe tsaf, in ja kafaɗu baya, amma ba a jimawa bayana ya gaji, in koma yadda nake. Abokiyar aikina ta ce in ina duba allo haɓata gaba take tafiya, ni kuwa wallahi ban taɓa jin ina yin haka ba. Ta yaya mutum zai gyara abin da bai ma san yana yi ba?

Wani matashi:
Wa alaikumus salam Anti, sannu da jiki. Kan babban mutum yana kai wajen kilo 5. A 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya fitar da lissafi cewa in aka sunkuyar da kai digiri 15, nauyin da ke kan wuya yana kai kilo 12, a digiri 60 kuwa kilo 27. Ki nemi bel ɗin nan mai janye kafaɗu baya, ko abin ɗaure wuya, su riƙa tsayar da ke.

Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi:
Ƙanena, lissafin da ka kawo haka yake a rubuce, amma a kwamfuta aka yi shi, ba a jikin mutane aka auna ba, kuma bai tabbatar da cewa sunkuyawa tana lalata wuya ba. An halicci wuya don ya sunkuya, ya ɗaga, ya waiga. Binciken da aka yi ta yi bayan nan bai nuna wata ƙaƙƙarfar alaƙa tsakanin siffar zama ita kaɗai da ciwon wuya ba. Abin da muke gani a wajen aiki shi ne daɗewa a hali ɗaya, da ɗaure jiki ba tare da an sani ba. Maganar bel da abin ɗaure wuya kuwa, ban ba ta wannan shawarar ba. Mai ciwo irin nata motsi yake buƙata, in aka ɗaure shi sagewar ƙaruwa take yi.

'Yar'uwa, tambayarki ta ƙarshe ita ce maganar. Jiki yana sabawa da duk halin da ya daɗe a ciki har ya ɗauke shi a matsayin daidai. Shi ya sa haɓarki na gaba amma ke kina jin a miƙe kike, kuma idan aka gyara miki sai ki ji kamar kin karkace. Don haka kada ki fara da gyara. Fara da gani. Ki jingina wayarki a gefenki ta ɗauki bidiyonki kina aiki, ki bar ta har ki manta da ita. Mintunan farko za ki zauna da kyau saboda kin san ana ɗaukarki, na baya su ne gaskiyar. Ki duba inda kunnenki yake in an kwatanta da kafaɗarki, ki duba ko bayan wuyanki ya gajarce ya yi ninki.

Sannan ki san inda kai yake zaune. Ƙasusuwan wuya 7 ne, kuma na saman su ba a ƙasan haɓa ya tsaya ba kamar yadda mutane da yawa ke zato. Yana can sama, wajen tsakanin kunnuwa biyu. Sa yatsunki a ramin da ke bayan leɓatun kunne, ki ɗan gyaɗa kai kaɗan kamar mai cewa e. A nan gaɓar take. Akwai ƙananan tsokoki a gindin ƙeya, idan haɓa ta miƙa gaba ido kuma yana son kallon allo, su ne ke tsukewa su ɗago fuskar, su wuni a haka. Nauyin ƙeya da ciwon kan da ke zagayo goshi sau da yawa daga nan suke. Kamar bokitin ruwa ne, in kin riƙe shi jikinki ba wuya, in kin miƙe hannu da shi nan da nan kafaɗa za ta ɗau zafi, alhali ruwan bai ƙaru ba.

Mai tambaya:
Na gode sosai Anti. Yanzu na taɓa wurin, na ji gaɓar. To in na kama kaina haɓa na gaba, in janyo ta da ƙarfi ke nan?

Wani malamin makaranta:
A'a 'yar'uwa, ƙarfin nan ne ya gajiyar da ke tun farko. Akwai wani ɗan wasan kwaikwayo mutumin Ostireliya, F. M. Alexander, an haife shi a 1869, ya rasu a 1955. Muryarsa ce ke dushewa duk sanda ya hau dandali, magani ya ƙi ci. Sai ya kafa madubai yana kallon kansa yana magana, ya gano cewa da ya buɗe baki sai ya ja kansa baya ya danne shi ƙasa kan wuya. Abin da ya fi ba shi mamaki, ko da ya yi niyyar gyarawa, madubi na nuna masa yana maimaita abin nan, shi kuma yana jin ya gyara. Daga nan ya gane cewa sai ya fara dakatawa kafin ya yi motsin, ya bar yin dannewar, maimakon ya ɗora wani sabon ƙoƙari a kanta. Hanyarsa har yau ana koyar da ita. A 2015 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila sun buga sakamakon gwaji kan mutum 517 masu daɗaɗɗen ciwon wuya, waɗanda suka ɗauki darussan wannan hanya sun fi samun sauƙi bayan shekara guda a kan waɗanda aka bari da kulawar da aka saba.

Ni a aji nake amfani da ita. Kafin in ɗaga murya sai in tsaya numfashi ɗaya, in tambayi kaina me nake ɗaurewa yanzu. Kusan kullum ƙeya ce. In na sake ta, kan da kansa yake ɗan gangarowa gaba kaɗan ya hau sama, bayan wuya ya yi tsawo.

Wani dattijo tela:
'Yata, ki saurari malam. Na tsufa a kan keken ɗinki, kuma abin da na lura shi ne wuyana ba ya ɗaurewa sai wajen aiki mai wuyar gani, kamar zura zare a allura ko bin layi siriri. Nan nake cije haƙora, in riƙe numfashi, kafaɗu su hau kunne. Ke ma ki nemi naki lokacin, watakila sanda kike duba ƙananan lambobi ne, ko sanda ake jiran aiki a hannunki. In kin gane shi, duba abu uku: haƙoranki a haɗe suke? Kina numfashi? Ina kafaɗunki? Haƙoran sama da na ƙasa bai kamata su haɗu ba in ba tauna ake yi ba. Kuma kada ki ji haushin kanki in kin sake kama kanki a ɗaure. Kamawar ita ce ci gaban.

Wata nas:
Duk na yarda da su, amma a riƙe wannan. In ciwon ya fara sauka hannu, ko yatsu suna mutuwa, ko abu na suɓuce miki, ko tafiyarki ta canja, koma asibiti kada ki jira. Sagewar wuya tare da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai na iya zama sanƙarau, wannan na gaggawa ne. Haka ciwon wuya bayan faɗuwa ko haɗarin mota.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi:
Gaskiya ne Sista. Ƙari kan maganar Baba, laftof ita kanta tana tilasta sunkuyo, domin allonta da madannanta a haɗe suke. Ɗora ta kan wani abu har saman allon ya zo daidai idonki ko ƙasa kaɗan, nisan kamar tsawon hannunki, ki haɗa mata madannai (keyboard) da linzami (mouse) na daban. Duk rabin awa ki tashi ko da na minti ɗaya ne, ki waiga dama da hagu a hankali, ki juya kafaɗu. Ki daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Da dare kuma, kwanciyar rub-da-ciki tana barin wuya a murɗe na sa'o'i. In a gefe kike kwana, filon ya cike tazarar da ke tsakanin kunne da katifa.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na ɗauki bidiyon yau, kuma yadda Baba ya faɗa ne. In ina rubutu ba laifi, amma da na zo duba lambobi sai fuskata ta tafi wajen allo, har ina ƙanƙance ido.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi:
To wannan ƙanƙance idon kada ki wuce shi. Ƙara girman rubutun allon tun gobe, sannan ki je a auna miki ido. In ido ba ya gani sosai, wuya zai ci gaba da kai shi kusa komai yawan lurar da kike yi. In kuma kina da tabarau mai gilashi hawa biyu, faɗa wa mai auna idon cewa a kwamfuta kike wuni, domin irinsa yana sa mutum ɗaga haɓa don ya leƙa ta ƙasan gilashin, sai a nema miki wanda ya dace da nisan allo.